Zari-ruga: gyara tsayuwa ya fi rage turereniya

Ranar 21 ga Oktoban 2023, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniyar zari-ruga a Faransa, Ingila na gaba da maki 15 da 6. Sai Ox Nche da Vincent Koch na Afirka ta Kudu suka matsa wa Turawan lamba a turereniya, har aka samu bugun laifin da Handre Pollard ya ci, aka tashi 16 da 15.

A 2024 hukumar World Rugby ta hana zaɓar turereniya bayan ƙaramin laifi, don wasa ya ƙara sauri. A ganina, an bar jaki ana dukan taiki.

Mutum takwas ne ke tura takwas, amma nauyin yana kan ukun gaba, masu lamba 1, 2 da 3. Duk wanda ya saba kallon kokowa ya san cewa ba ƙiba ke kayarwa ba, tsayuwa ce. Haka nan ma: baya a miƙe, gwiwa a lanƙwashe, ƙafa a kafe, kafaɗa kuma kada ta sauka ƙasa da ƙugu. Da zarar kafaɗa ta sauka, taron zai rufta a kan wuyan na gaba, kuma hakan na iya shanye wa matashi jiki har abada.

Don haka masu horarwa, kada ku sa yaro a sahun gaba don girman jikinsa kawai. Ku koya masa tsayuwa tukuna.