Kimiyya a Ƙofar Gida: Ina takin da shuka ba ta ci ba yake tafiya?

Wannan makon mun leƙa Ƙaraye da Rogo, inda fadamu da madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, suka sa noma ba ya tsayawa da ɗaukewar damina.

A yankin nan, can ƙasa dutse ne mai tauri. Ruwan da muke ɗiba yana kwance ne cikin yashi da ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa, shi ya sa rijiyoyin fadama ba su da zurfi. Suna da sauƙin haƙa, suna kuma da saurin gurɓata.

Mu ɗauki buhun yuriya mai kilo 50. Kashi 46 cikin 100 nasa sinadarin naitirojin ne, wato kilo 23. Idan aka zuba shi, ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa kan mayar da shi naitiret, wanda ke narkewa kamar gishiri, ƙasa kuma ba ta riƙe shi. Abin da saiwa ba ta sha ba, ruwan sama ko na ban-ruwa sai ya gangara da shi har rijiya.

Naitiret ba shi da launi, ba shi da wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a kowace lita ta ruwan sha. Jarirai ne suka fi shiga haɗari, domin yakan hana jininsu ɗaukar iskar oksijin har leɓɓansu su yi shuɗi. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire naitiret.

Ba mu ce a daina sa taki ba. A raba shi kashi biyu ko uku, a binne shi kusa da gindin shuka, kada a watsa shi ana ganin hadari. Kada a wanke injin feshi a bakin rijiya, kada kuma a zuba ruwan sha a robar maganin ciyawa. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi.

Aikinmu na wannan mako: mu auna tazarar da ke tsakanin rijiyar gidanmu da masai ko turken dabbobi. Ta kai mita 30? Mu kai amsar wa malamin kimiyya. Sai mako mai zuwa.