Leƙen Sararin Samaniya: Kaza da 'Ya'yanta Su Nawa Ne?

A daren hunturu, duk wanda ya fito tsakar gida bayan isha'i ya ɗaga kai zai ga wasu 'yan taurari sun cure wuri guda kamar an watsa tsabar gero. Su ne iyayenmu ke kira Kaza da 'Ya'yanta. Larabawa suna ce musu Surayya, Japanawa kuma Subaru, shi ya sa tambarin motar Subaru ke ɗauke da taurari shida.

Mai lafiyayyen ido yakan ƙirga shida ko bakwai. Da Galileo ya duba su da madubin hangen nesa, ya zana guda 36 a shekarar 1610. Yau masana sun ƙirga fiye da 1,000. Hasken da za ku gani daren yau kuwa ya baro can kusan shekara 440 da suka wuce.

Waɗannan taurari ba haɗuwar kasuwa suka yi ba. Daga gajimare ɗaya na iskar gas da ƙura aka haife su, kimanin shekara miliyan 100 baya, kuma har yanzu tare suke tafiya, fuska ɗaya suka nufa. Irin wannan taro shi ake kira buɗaɗɗen gungu. Idan aka gwada su da Ranarmu, mai shekara miliyan 4,600, jarirai ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne zaman cikin gidan. Shuɗɗan nan masu ƙyalli da muke gani 'yan kaɗan ne: manya, masu tsananin zafi, masu saurin ƙone makamashinsu. Mafi yawan 'yan gidan ƙanana ne, jajaye, ba su kai Rana nauyi ba, ido kuma ba ya ganinsu. Akwai ma waɗanda ƙanƙantarsu ta hana su kama wuta kamar sauran taurari. Ɗaya daga cikin na farko da aka tabbatar a duniya, Teide 1, a nan aka gano shi a 1995. Masu nauyin sun fi taruwa a tsakiya, marasa nauyin kuma maganaɗisun juna yana ta cilla su gefe, har wasu su ɓalle. Haka gidan zai riƙa zubewa, ana hasashen nan da shekara miliyan 250 ya watse baki ɗaya.

To yaya aka san shekarunsu? Babban tauraro ya fi saurin mutuwa. Tunda lokaci ɗaya aka haife su, sai a duba mafi girman da ke raye, a lissafa tsawon ran irinsa.

Aikin gida: ku zaɓi daren da babu farin wata (in an ɗauke wuta ma ya fi), ku ajiye waya na minti 15 ido ya saba da duhu. Kada ku kafa musu ido kai tsaye, ku ɗan kalli gefensu, don gefen ido ya fi kama haske mai rauni. Ku aiko mana da adadin da kuka samu, da sunan makarantarku.