Bayan hukuncin Kotun Ƙoli: Me ya rage wa jihohi wajen buɗe kundin bayanansu?

A ranar 11 ga Afrilun 2025, Kotun Ƙoli ta Najeriya ta raba gardamar da aka shafe shekaru ana tafkawa tsakanin gwamnatocin jihohi da ƙungiyoyin farar hula. Kotun ta yanke hukuncin cewa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta hau kan dukkan matakan gwamnati, tun daga ta tarayya har zuwa jihohi da hukumominsu.

Shari'ar ta samo asali ne daga Jihar Edo. A 2014 Austin Osakue da wasu abokan fafutukarsa suka nemi hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta jihar ta ba su bayanin kuɗaɗen da ta karɓa da yadda ta kashe su. Hukumar ta ƙi. Babbar kotu ta ba masu neman gaskiya, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Benin ta soke hukuncin a 2018, tana cewa dokar tarayya ce, ba ta aiki a jihar da ba ta kafa irinta ba. A wannan shekarar kuma reshen kotun da ke Akure ya yanke akasin haka a wata shari'a da ta shafi Majalisar Dokokin Jihar Ondo. Wannan saɓani ya zame wa jihohi mafaka, domin duk wanda ya aika da takardar neman bayani, amsar da ke jiransa ita ce jihar ba ta amince da dokar ba tukuna. Yanzu wannan uzuri ya faɗi. Sai dai shekara 11 da aka ɗauka kafin a tabbatar wa mutanen Edo haƙƙin ganin wasu takardu ta isa ta nuna cewa hukunci kaɗai ba ya buɗe durowar ofis.

Doguwar tafiyar dokar

Tun 1993, a zamanin mulkin soja, ƙungiyar Media Rights Agenda da ta kare haƙƙin ɗan Adam ta CLO da Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Najeriya suka soma tsara daftarin dokar. An gabatar da shi gaban Majalisar Dokoki ta Ƙasa bayan dawowar mulkin farar hula a 1999. Majalisar ta amince da shi a 2007, amma Shugaba Olusegun Obasanjo ya bar mulki bai sa masa hannu ba. Sai a ranar 28 ga Mayun 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya rattaba hannu, kwana ɗaya kafin a rantsar da shi a sabon wa'adi.

Tanade-tanaden dokar suna da ƙarfi a rubuce. Kowa na da haƙƙin neman bayanin da ke hannun ma'aikata ko hukumar gwamnati, kuma ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Hukumar na da kwana 7 ta amsa, tare da damar ƙara wasu 7 idan takardun suna da yawa. Idan ta ƙi, wajibi ne ta bayyana a rubuce sashen dokar da ta dogara da shi, mai nema kuma yana da kwana 30 ya garzaya kotu. Abin da za a karɓa a hannunsa kuɗin kwafin takardu ne kawai. Hana bayani ba bisa ƙa'ida ba na jawo tarar Naira 500,000, yayin da lalata takarda ko sauya abin da ke cikinta da gangan ke jawo ɗaurin aƙalla shekara ɗaya. Dokar ta shafi har kamfanoni masu zaman kansu da ke aiki da kuɗin jama'a ko gudanar da hidimar da ta rataya a wuyan gwamnati.

Akwai abubuwan da aka keɓe, irin su sirrin tsaro da hulɗar ƙasa da ƙasa, binciken laifi da ke gudana, bayanan rayuwar mutum da sirrin kasuwanci. Ko a nan ma, a yawancin sassan dokar ta ce a bayyana bayanin idan amfanin da jama'a za su samu ya rinjayi illar da ake gudu.

Dalilin da ya sa jihohi suka fi muhimmanci

Makarantar firamare, asibitin karkara, rijiyar burtsatse, rabon taki da hanyar da ke kai amfanin gona kasuwa, duk suna hannun jihohi ne da ƙananan hukumomi. A nan talaka ke haɗuwa da gwamnati ido da ido, kuma a nan ne aka fi ƙarancin bayani. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da kuma sakin darajar Naira, kason da jihohi ke karɓa daga Asusun Tarayya ya ƙaru ƙwarai idan aka ƙidaya da Naira. Jama'a ne suka biya kuɗin wannan ƙari ta tsadar sufuri da abinci, don haka tambayar inda kuɗin ke tafiya tambaya ce ta mai kaya ga wanda ya ba ajiya.

A ranar 11 ga Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Ko da an aiwatar da wannan hukunci yadda ya kamata, ba zai amfani mutanen karkara ba muddin ba su san nawa ya shigo da abin da aka yi da shi ba. Kuɗin da ya kuɓuta daga hannun gwamna zai iya salwanta a hannun shugaban ƙaramar hukuma idan babu mai gani.

Sanin abin da ya shigo ba sabon abu ba ne. Tun 2004, lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala ke Ministar Kuɗi, aka fara wallafa kason kowace jiha da ƙaramar hukuma a jaridu duk wata. Shirin SFTAS na Bankin Duniya da aka soma a 2018 ya sa jihohi sun riƙa ɗora kasafinsu da rahoton binciken asusunsu a intanet, domin akwai tukuicin kuɗi ga wadda ta cika sharuɗɗan. Ɓangaren da ya rage a duhu shi ne na fita: wa aka ba kwangila, a kan nawa, an biya shi ko ba a biya ba, kuma an yi aikin ko ba a yi ba. Mafi duhu a ciki shi ne kason tsaro da gwamnoni da wasu manyan jami'ai ke karɓa, wanda wani rahoton Transparency International na 2018 ya ƙiyasta cewa yana kai wa dala miliyan 670 a shekara, ba tare da binciken da ake yi wa sauran kuɗaɗen gwamnati ba.

Abubuwan da ke tare ƙofa

Darasin shekarun da dokar ta yi tana aiki a matakin tarayya ya nuna cikas huɗu da jihohi za su gada.

Na farko al'adar sirri ce. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan daram, kuma ma'aikaci ya taso ne a tsarin da ke buga wa fayil hatimin sirri ko da na sayen kujeru ne. Sashe na 28 na dokar 2011 ya ce wannan hatimi ba ya hana a ba da takarda, sashe na 27 kuma ya kare jami'in da ya bayyana bayani da kyakkyawar niyya. Duk da haka, ƙaramin ma'aikaci ya san wanda ke sa hannu a takardar ƙarin girmansa, don haka shiru ya fi masa sauƙi.

Na biyu rashin adana takardu ne. Dokar ta wajabta wa kowace hukuma ta tsara bayananta yadda za a same su cikin sauƙi, amma a ofisoshi da dama fayiloli suna jibge a ɗaki ɗaya, gara da ɗigar ruwa suna rabonsu. Abin da ba a rubuta ba, ko aka rubuta ya ɓata, babu kotun da za ta iya fito da shi. Ko manyan takardun ƙasa ba su tsira daga ɓoyewa ba. Rahoton kwamitin Pius Okigbo na 1994 kan dala biliyan 12.4 na kuɗin mai, da rahoton kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa da aka miƙa a 2002, duk gwamnati ba ta fitar da su a hukumance ba.

Na uku, kotu ce kaɗai madogarar wanda aka hana. Dokar ba ta kafa hukuma mai zaman kanta da za a kai wa ƙorafi kyauta ba. Ɗaukar lauya da jiran shekaru abu ne da manyan ƙungiyoyi irin su SERAP kaɗai ke iya jurewa, kuma ko su ma sukan samu hukunci a hannu a ƙi aiwatar da shi. Ita kanta tarar ta zube: Naira 500,000 ta haura dala 3,000 a 2011, amma a 2025 ba ta kai dala 400 ba. Kowace hukuma kuma ya kamata ta miƙa wa Antoni-Janar na Tarayya rahoton buƙatun da ta karɓa kafin 1 ga Fabrairun kowace shekara, amma kaɗan ne daga ɗaruruwan hukumomin ke yin haka.

Na huɗu giɓi ne da 'yan majalisa suka bari. Tsarin Mulkin 1999 ya ce Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ta ba ɗan ƙasa damar duba takardun bayyana kadarorin masu riƙe da muƙamai bisa sharuɗɗan da Majalisar Dokoki ta Ƙasa za ta gindaya. Hukumar ta daɗe tana kafa hujja da cewa ba a gindaya sharuɗɗan ba. Shi ya sa bayyana kadarori ga jama'a ya zama ganin damar shugaba, kamar yadda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi a 2007 bisa raɗin kansa.

Inda aka gwada aka ga amfani

Ƙasar Indiya ta kafa tata dokar a 2005, kuma tushenta na ƙauye ne. Leburori a Jihar Rajasthan ne suka matsa a karanta musu rajistar biyan ladan aiki a bainar jama'a, inda aka riƙa jin sunayen matattu da na waɗanda ba su taɓa ɗaga diga ba. Dokarsu ta kafa kwamishinonin bayanai a tarayya da jihohi, masu ikon cin jami'in da ya yi jinkiri tarar Rufi 250 kowace rana har zuwa 25,000, daga aljihunsa. Ghana ma, da ta kafa tata dokar a 2019, ta haɗa ta da hukuma mai sauraren ƙorafi.

A gida ma akwai abin nuni. Bayan gubar dalma ta hallaka yara kusan 400 a Jihar Zamfara daga 2010, matasan da suka kafa shirin Follow The Money sun bi sawun alƙawarin da Gwamnatin Tarayya ta yi na tsabtace ƙauyen Bagega da ke Ƙaramar Hukumar Anka, har aka saki kuɗin a farkon 2013. Makaminsu shi ne sanin abin da aka yi alƙawari da wanda ke riƙe da shi. Najeriya ta shiga ƙawancen buɗaɗɗiyar gwamnati na duniya, OGP, a 2016, Jihar Kaduna ta shiga reshensa na jihohi da birane a 2018, sannan a Disamban 2019 aka buɗe shafin baitulmalin tarayya da ke nuna manyan kuɗaɗen da ma'aikatu ke biya. Waɗannan matakai sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne, kodayake ɗorewarsu takan dogara da ra'ayin wanda ke kan kujera.

Abin da ya dace ya biyo baya

Hanya mafi sauƙi ga jihohi tana cikin sashe na 2 na dokar, wanda ya wajabta wa hukumomi su riƙa wallafa bayanan kuɗaɗensu da kwangilolinsu da jerin ma'aikatansu tun kafin a tambaya. Jihar da ta yi haka ta rage wa kanta shari'a. Ga Arewa kuwa, inda rediyo ya fi jarida isa ga jama'a, wallafawa a intanet da Turanci ba ta wadatar ba. Idan aka liƙa kason wata-wata da jerin ayyuka a allon sakatariyar ƙaramar hukuma da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, aka kuma karanta su a gidajen rediyon jiha, mai unguwa da limami da shugabar ƙungiyar mata za su iya gwada abin da aka rubuta da abin da idonsu ya gani. Dokar ma ta yi tanadin wanda bai iya rubutu ba: yana iya nema ta hannun wani, ko ya faɗa da baki jami'i ya rubuta ya ba shi kwafi.

A ɓangaren Majalisar Dokoki ta Ƙasa, gyare-gyare uku ne suka fi gaggawa: kafa hukumar sauraren ƙorafi mai zaman kanta, ɗaga tarar tare da ɗora ta a kan jami'in da ya yi laifi maimakon asusun hukumarsa, da gindaya sharuɗɗan duba takardun kadarori. Gwamnoni kuma suna iya naɗa jami'in bayanai a kowace ma'aikata, su ware kuɗin adana takardu a kasafi, ba tare da jiran kowa ba.

Sauran aikin na 'yan jarida ne da ƙungiyoyin ci-gaban garuruwa da na iyaye da malamai. Kukan kurciya jawabi ne, kuma hukuncin Afrilun 2025 ya riga ya sanar da jihohi cewa takardun da ke ofisoshinsu na jama'a ne. Ko za su saurara, zai bayyana ne daga yawan wasiƙun neman bayani da za su isa teburin manyan sakatarori a Kano da Sakkwato da Maiduguri, da kuma yawan waɗanda za a amsa cikin kwana 7.