Sunshine Tour: Gasar da ƙwararre zai yi aikin mako ya koma gida ba ko sisi

Idan kana bibiyar shafukan wasanni a TikTok ko X, golf ɗin da ake nuna maka na masu jirgin sama ne. Tun da aka fara gasar LIV a 2022 da kuɗin asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, zancen ya koma na kuɗi zalla, domin wanda ya ci gasa ɗaya dala miliyan 4 yake kwasa. Har Afirka ta Kudu an sa cikin jadawalinta na 2026, a filin Steyn City na Johannesburg. To amma a ƙasar akwai wata gasar da ake bugawa kusan duk tsawon shekara, wadda hotunanta ba sa zuwa wayarka. Sunanta Sunshine Tour, kuma ita ce babbar gasar ƙwararrun 'yan ƙwallon lambu a nahiyar nan.

Ka manta da tsarin ƙwallon ƙafa tukuna. A nan babu kulob, babu albashin ƙarshen wata. Ɗan wasa shi zai biya kuɗin mota ko jirgi, shi zai kama ɗaki, shi zai sallami mai ɗaukar masa jakar sanduna. Bayan zagaye biyu sai a ja layi, a sallami kusan rabin 'yan wasan. Duk wanda ya faɗo ƙasan layin, ladarsa sifili ce. Bugu ɗaya tak da ya kauce wa rami yana iya raba mutum da kuɗin makon gaba ɗaya, kuma mako mai zuwa sai ya sake zuba nasa. Ka lissafa haka sau huɗu a jere, ka ga yadda ƙwararre ke komawa cin bashi.

Ko ya tsallake layin ma, ƙananan gasannin kakar ba su da wani maiƙo. Da yawansu ladar da ake rabawa duka ba ta wuce wajen rand miliyan 2 ba, abin da bai kai dala 150,000 ba, kuma mutum sama da hamsin ne za su raba. Gasar kan leƙa Zambiya da Zimbabuwe da tsibirin Mauritius, wato ƙarin kuɗin tafiya ke nan.

To me ya sa suke jurewa? Saboda wasu 'yan makonni tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da ake haɗa gwiwa da DP World Tour, babbar gasar Turai. A nan ake buga South African Open, wadda ta faro tun 1903, da Joburg Open, da Alfred Dunhill. Ladar kan haura dala miliyan ɗaya, kuma wanda ya ci ya samu izinin buga gasar Turai kai tsaye. Daga can kuma, tun 2023, goma na sama da ba su da gurbi a PGA Tour ta Amurka ana ba su. Tsani ne, kuma yana aiki: Trevor Immelman ya ci Masters a 2008, Louis Oosthuizen ya ci Open a 2010, Charl Schwartzel ya ci Masters a 2011. Duk 'yan gida ne.

Sai dai ka duba sunayen nan da kyau. A ƙasar da baƙar fata suka fi rinjaye nesa ba kusa ba, waɗanda ke kaiwa ƙololuwa har yau galibi farare ne. Tarihi na da hannu. A shekarun 1960 Papwa Sewgolum, ɗan asalin Indiya wanda ya faro daga ɗaukar jaka, ya ci Natal Open, amma a waje aka miƙa masa kofi ana ruwan sama, don dokar wariya ta hana shi shiga ɗakin kulob. Vincent Tshabalala kuwa a Faransa ya je ya ci babbar gasarsu a 1976. Dokar ta tafi, amma a ganina tsarin “biya da kanka, in ka faɗi ka rasa” yana ci gaba da tace mutane. Yaron da ke da gata zai iya yin kaka biyu yana asara har hannunsa ya faɗa. Ɗan talaka wata uku sun isa su mayar da shi gida, ko da ya fi iya bugu. Zuwan LIV na mako guda ba zai taɓa wannan lissafin ba, tunda ita taurarin da suka riga suka yi suna take saye.

Kada ka ce abin bai shafe mu ba fa. Najeriya ta taɓa zama matakala a irin wannan tsanin, zamanin gasar Safari da Turawa ke zuwa bugawa lokacin sanyinsu. A Nigerian Open da ake yi a Ikoyi, Legas, Sandy Lyle ya ci kofinsa na farko a matsayin ƙwararre a 1978. Vijay Singh na Fiji ya ci a 1988, kuma shi ne ya sauke Tiger Woods daga matsayi na ɗaya a duniya a 2004. Yau yaron da ke ɗaukar jaka a filin golf na Kano ko na Rayfield a Jos, in yana son hawa tsani mai kaiwa Turai, sai ya nemi biza da kuɗin jirgi zuwa Afirka ta Kudu, ya biya kuɗin gasar share fage, kafin ma a ba shi damar fara yin asara.