Sharhi: Ko kiran waya zai iya riƙe lafiyar tsofaffin Damargu idan annoba ta sake rufe hanya?

A ranar 20 ga watan Mayun 2025 ne ƙasashe mambobin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, suka amince da wata yarjejeniya a birnin Geneva kan yadda za a tunkari annoba ta gaba. Akasarin muhawarar ta karkata ne kan allurar rigakafi da musayar bayanai tsakanin ƙasashe. Sai dai a yankin Damargu, wato gundumomin Tanut da Belbeji da ke arewacin jihar Damagaram, akwai tambayar da ta fi kusa da gida: idan aka sake cewa kowa ya zauna inda yake, wa zai bi sawun dattijon da ke shan maganin hawan jini kullum, ko tsohuwar da ke fama da ciwon suga?

Amsar da ƙasashe da dama suka bayar lokacin korona ita ce waya. Ma'aikacin lafiya ya riƙa kiran mara lafiya a kai a kai, yana tambayarsa yadda jiki yake, yana tunatar da shi shan magani, yana ba shi shawara kan abinci. Tsarin yana da daɗin ji, kuma ba shi da tsada. To amma ko zai yi aiki a Damargu ya danganta ne da wasu abubuwa da tilas a tanada tun kafin wayar ta yi ƙara.

Abin da korona ta fallasa

A ranar 19 ga Maris ɗin 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Nijar. Gwamnatin shugaba Mahamadou Issoufou ta rufe iyakoki da makarantu, ta killace birnin Yamai, ta kuma hana sallar jam'i, matakin da ya jawo zanga-zanga a wurare irin su Mirriya kafin a sake buɗe masallatai a ranar 13 ga watan Mayu. A cikin wannan watan ne Damagaram ta zama wuri na biyu da cutar ta fi ƙamari bayan Yamai.

Alƙaluman hukuma sun nuna cutar ta zo wa Nijar da sauƙi: ƙasa da mutum dubu 10 aka tabbatar sun kamu, waɗanda suka rasu kuma 300 ne da 'yan kai. Amma waɗannan alƙaluma ba su ƙirga wanda ya daina zuwa awon jini don tsoron a killace shi ba, ko wanda maganinsa ya ƙare saboda ɗansa da ke cirani ya kasa aiko da kuɗi bayan rufe iyaka.

Wani bincike da WHO ta yi a ƙasashe 155 a watan Mayun 2020 ya gano cewa a kashi 53 cikin 100 na ƙasashen an samu cikas wajen kula da masu hawan jini, a kashi 49 kuma wajen kula da masu ciwon suga. Su ne kuma mutanen da korona ta fi kashewa, musamman idan shekaru sun ja.

Waɗannan cututtuka ba baƙi ba ne a Nijar. Binciken ƙasa na 2007 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar na manya yana da hawan jini, na 2021 kuma ya nuna adadin ya haura ɗaya cikin huɗu. Da yawa ba su ma san suna ɗauke da shi ba sai ranar da ɓarin jiki ya shanye.

Tsarin da aka gina don yara da mata

Kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba, yayin da waɗanda suka haura 65 ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Ba abin mamaki ba ne da tsarin kiwon lafiyar ƙasar ya fi mayar da hankali kan uwa da jariri. Kulawa kyauta da aka fara a 2006 ta shafi yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki da tiyatar haihuwa da tazarar iyali. 'Yan sa-kai na lafiya da ke ƙauyuka, waɗanda aka fi sani da rele, an fi horar da su ne kan zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ciwon haƙarƙarin yara.

Tsoho ba ya cikin wannan lissafi. Ragin rabin kuɗin asibitocin gwamnati da ya fara aiki a ranar 1 ga Satumbar 2024 ya sassauta kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje da kwanciya. Sai dai mai hawan jini ba sau ɗaya yake buƙatar likita ba. Ciwo ne na zama da shi har ƙarshen rayuwa, kuma kusan duk aikin a gida ake yinsa: shan ƙwaya a kan lokaci, rage gishiri, lura da alamun haɗari. Nan ne bibiya ta waya ke da amfani, domin aikinta shi ne taimaka wa mutum ya iya kula da kansa tsakanin zuwa asibiti da wani zuwan.

Nisa, harshe da mai riƙe da wayar

A ƙidayar 2012, gundumar Tanut tana da mutum sama da dubu 400, Belbeji kuma, wadda aka ɗaga zuwa gunduma a 2011, kusan dubu 100. Daga garin Tanut zuwa Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram tafiyar kimanin kilomita 150 ce a kan hanyar Agadez. Wanda ke rugar makiyaya a Tenhiya ko wani ƙauye na Tarka kuwa, kafin ya kai ga kwalta ma aiki ne. Ga irin waɗannan mutane, nisan da sauran duniya ta ɗanɗana a 2020 shi ne rayuwarsu ta yau da kullum.

Wannan hujja ce mai ƙarfi ta amfani da waya, amma akwai ƙalubale uku.

Na farko, karatu. Senegal ta fara shirin aika wa masu ciwon suga saƙonnin waya a azumin 2014, tare da tallafin WHO da Hukumar Sadarwa ta Duniya. A Nijar kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na manya ne ke iya karatu da rubutu, kuma adadin ya fi ƙasa a tsakanin tsofaffin karkara. Ga raunin ido da shekaru ke kawowa. Saƙon rubutu ba zai isa ba, sai murya.

Na biyu, harshe. Damargu ta haɗa Hausawa da Buzaye da Fulani da Barebari da Larabawa. Hausa na biyan buƙata a kasuwa, amma tsohuwar da za ta bayyana jiri ko yawan fitsari ta fi sakin jiki da harshen da ta tashi da shi, kuma da mace 'yar'uwarta.

Na uku, wayar kanta. A gidaje da yawa ba a hannun tsoho take ba, tana wurin ɗa ko jika, wanda kan tafi da ita gona ko kiwo ko cirani. Caji sai an kai wurin mai sola, rezo kuma a wasu wuraren sai an hau tudu. Kamfanonin Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom sun fi ƙarfi a garuruwa da bakin manyan hanyoyi. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 don shirin kai sadarwa ƙauyuka sama da 2,000 a faɗin ƙasar, kuma ya dace wakilan yankin su riƙa tambayar nawa ne daga ciki suka faɗo a Damargu.

Darasi daga makarantun yaƙi da jahilci

Akwai shaidar da ke nuna kiran waya na canza hali a karkarar Nijar, ko da yake ba daga asibiti ta fito ba. Masana tattalin arziki Jenny Aker da Christopher Ksoll sun yi gwaji a azuzuwan yaƙi da jahilci na wasu ƙauyukan jihohin Maradi da Damagaram. Kowane mako akan kira malamin aji da maigari da ɗalibai biyu, a tambaye su yadda karatu ke tafiya. Ba a ƙara wa kowa kuɗi ba, amma ɗaliban ƙauyukan da ake kira sun fi sauran samun sakamako a karatu da lissafi.

Abin lura shi ne ba mutum ɗaya ake kira ba, kuma kiran yana zuwa a kai a kai. Idan aka juyo da wannan kan lafiyar tsofaffi, kiran dattijo shi kaɗai ba zai wadatar ba. Shawarar rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano da kanwa ba ta da amfani idan ba ta kai kunnen surukar da ke girki ba, domin tukunya ɗaya ake yi wa gida duka. WHO na ba da shawarar kada gishirin da mutum ke ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Haka batun sukarin shayi, wanda a Damargu ake sha zagaye uku, magana ce ta majalisa gaba ɗaya. Batun azumi ga mai ciwon suga kuwa ya fi karɓuwa idan limami ya tunatar da rangwamen da addini ya yi wa mara lafiya.

Sannan sai muryar ta zama sananniya. A lokacin da 'yan damfara ke kiran mutane da baƙuwar lamba, kuma ba a manta da jita-jitar da ta dabaibaye korona ba, lambar gaggawa irin ta 15 da aka yi amfani da ita a 2020 ba za ta maye gurbin majo na cibiyar CSI da dattijo ya taɓa gani ido da ido ba.

Waya ba ta awo, ba ta ba da ƙwaya

Babban haɗarin wannan tsari shi ne a ɗauke shi a matsayin arhar da za ta maye gurbin asibiti. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama. Mutum zai ce lafiya lau alhali jininsa ya wuce 140 bisa 90. Idan babu na'urar awo a ƙauyen, mai kira yana lalube ne cikin duhu. Idan kuma ya ce a ci gaba da shan magani alhali babu maganin, kiran ya zama gaisuwa kawai.

Nijar ta ga misalin haka ba tare da annoba ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki, aka shiga ƙarancin magunguna, har zuwa ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024. Kwalarar 2021 da sanƙarau na ƙarshen 2022 a jihar Damagaram su ma sun nuna yadda annoba ke janye ma'aikatan lafiya kaɗan da ake da su zuwa aikin gaggawa.

Maƙwabta sun gwada wata hanya. Tun 2020 jihohin Kano da Ogun a Najeriya ke aiwatar da shirin da ya bai wa ma'aikatan ƙananan asibitoci damar auna jini da ba da magani bisa ƙa'ida ɗaya mai sauƙi, ba sai an jira babban likita ba. A lokacin korona kuma an ƙarfafa ba masu cutar HIV maganin wata uku ko fiye a lokaci ɗaya, don rage musu zirga-zirga. Babu dalilin da zai hana a yi wa mai hawan jinin da jininsa ya daidaita irin wannan.

Tun ran gini ran zane

Abin da hukumomin lafiya na Tanut da Belbeji za su iya farawa ba ya buƙatar manhaja ko babbar waya. Kowace cibiyar CSI ta buɗe rajistar tsofaffi masu hawan jini da ciwon suga, da lambobi biyu: ta wanda ke gida da ta maƙwabci ko maigari. A ba kowane rele na'urar awon jini mai aiki da batir, a koya masa karanta ta. A tsayar da ranar kira, misali ranar kasuwar yankin, lokacin da wayoyi ke da caji kuma mutane ke inda rezo yake. A koya wa iyalai alamun da ba a jira a kansu: karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, sarƙewar harshe, ciwon ƙirji, ko gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa ga mai suga. Gidajen rediyon al'umma na iya maimaita waɗannan saƙonni cikin harsunan yankin.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ke kashe irin waɗannan shirye-shirye da zarar ƙungiyar da ta kawo su ta tattara kayanta. Katin waya da batir da ɗan alawus na rele ba su kai kuɗin gina ɗaki ɗaya na asibiti ba, amma dole a san aljihun da za su fito kowane wata. Matatar man SORAZ, da aka buɗe a 2011, tana cikin ƙaramar hukumar Ollelewa ne a gundumar Tanut, don haka ba laifi ba ne al'ummar yankin su nemi a saka lafiyar iyayensu cikin abin da arzikin zai yi musu.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 a matsayin shekarun inganta lafiyar tsofaffi. A Damargu za a gane ko wannan ya wuce takarda ne ta hanyar tambayoyi masu sauƙi: tsofaffi nawa ke cikin rajista, nawa aka auna a watan jiya, nawa ke da maganin da zai kai su wata uku. Idan an sami amsarsu yanzu da hanyoyi ke buɗe, ranar da annoba ta sake zuwa akwai wanda zai kira, akwai kuma abin da zai faɗa.