Goro Baƙo Ne, Amma Ya Zama Ɗan Gari

An haifi Otobong Nkanga a birnin Kano a shekarar 1974, ta yi karatun zane a Jami'ar Ile-Ife da birnin Paris, sa'an nan ta zauna a Antwerp ta ƙasar Beljiyam. Da zane da saƙa take binciken abin da ke tsakanin ɗan Adam da ƙasar da yake takawa: me aka haƙa daga cikinta, ina aka kai shi, wa ya bi sawunsa. A 2019 an yi mata yabo na musamman a babban baje kolin fasaha na birnin Venis.

A wani aikinta na 2012, zama take yi da mai kallo, ta fasa goro su ci tare, tana ba shi tarihinsa. To, Bahaushe ya san wannan darasi. Goro daga Gwanja fatake suka riƙa ɗauko shi, amma yau ba a ɗaurin aure ko raɗin suna sai da shi.

Mutanen Funtuwa da Malumfashi ya kamata su fi kowa fahimtar wannan. Auduga da hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda su suka jawo 'yan cin rani, da Yarabawa, da Ibo, har Funtuwa ta bunƙasa. Alhaji Mamman Shata kansa a Musawa aka haife shi, amma Funtuwa ta karɓe shi. A shekarun baya-bayan nan kuwa, 'yan bindiga sun raba dubban manoman Faskari da Sabuwa da gonakinsu, suka zama baƙi a cikin jiharsu.

Abin takaici shi ne, wannan tarihi yana shirin salwanta. Dattawan da suka yi aiki a gidajen gurzar auduga suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Wajibi ne Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Katsina ta ƙarfafa koyar da zane a makarantun sakandare, a tura ɗalibai su zauna da waɗannan dattawa da 'yan gudun hijira, su rubuta, su zana. Ƙananan hukumomin biyu kuma su keɓe ɗakin ajiye abin da aka tattara. Tun ran gini ake yin zane. In masu labarin suka shuɗe, ba mai iya maido da shi.