Mulkin Ostiriya Ba a Vienna Yake Kwana Ba

A watan Afrilun 2016 Johanna Mikl-Leitner ta ajiye muƙamin ministar harkokin cikin gida ta Ostiriya, ta koma jiharta ta Niederösterreich a matsayin mataimakiyar gwamna. Wanda ya saba auna girman ɗan siyasa da kusancinsa da babban birni zai ce an yi mata saukale ne. Wannan fahimta ta yaɗu ƙwarai: ana ganin jiha makarantar koyon siyasa ce, tarayya kuma nan ne ake cin gajiya, don haka duk wanda ya baro Vienna ya koma St. Pölten, babban birnin jihar, tauraronsa ya dushe. Ni kuwa ina ganin masu wannan ra'ayi kundin tsarin mulki kawai suka karanta, ba su kalli yadda ake taka rawar ba.

A takarda suna da gaskiya. Jihohin Ostiriya tara ba su da ƙarfin jihohin Amurka ko gundumomin Suwizalan. Kusan duk haraji gwamnatin tarayya ke karɓa, kotunan hukunta laifi da 'yan sanda nata ne, majalisar da ke wakiltar jihohi kuwa, Bundesrat, iyakarta a yawancin dokoki ta jinkirta su. Amma a duba abin da ya sami ita Mikl-Leitner a shekarar 2015, lokacin da take riƙe da ma'aikatar da ake wa kallon mafi ƙarfi. 'Yan gudun hijira daga Siriya da Afganistan da Iraƙi suka yi ta kwarara, masu neman mafaka suka haura 80,000 a shekara guda. Sansanin Traiskirchen ya cika ya batse har mutane, da mata da ƙananan yara, suna kwana a filin Allah kan ciyawa, ƙungiyar Amnesty ta je ta gani ta yi tir. Jihohi sun riga sun amince kowacce za ta karɓi kasonta, amma da yawansu suka yi ta jan ƙafa, minista kuma ba ta da sandar da za ta kora su. Sai da aka yi doka ta musamman mai darajar tsarin mulki kafin tarayya ta iya buɗe masauki a ƙananan hukumomi ba tare da izininsu ba. Zagin kuwa ita ta sha, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Matar da ta ga wannan da idonta ta san inda igiyar take. A Afrilun 2017 ta gaji Erwin Pröll, wanda ya riƙe jihar tun 1992, ta zama mace ta farko a kujerar. Daga ranar zuwa 2025 kujerar shugaban gwamnatin tarayya ta ga Christian Kern, da Sebastian Kurz har sau biyu, da Brigitte Bierlein, da Alexander Schallenberg, da Karl Nehammer, da Christian Stocker, ita kuwa tana nan daram. Ba ita kaɗai ta bi wannan hanya ba: Günther Platter ya baro ma'aikatar cikin gida a 2008 ya mulki Tirol shekara 14, Hans Peter Doskozil ya tashi daga ministan tsaro ya zama gwamnan Burgenland a 2019. Dalilin a bayyane yake. Gwamna ba shi da iyakar wa'adi. Dokokin tarayya da yawa ta hannunsa ake zartar da su a jiharsa. Rassan jam'iyya na jihohi ke tsara yawancin sunayen 'yan takarar majalisar dokoki mai kujeru 183, saboda haka ɗan majalisa ya san wanda zai gaisar kafin zaɓe. Taron gwamnoni, wanda ko ambatonsa babu a kundin tsarin mulki, ya zama ƙofar da duk wani gyara na asibitoci ko makarantu sai ya ratsa.

Za a ce ai Kurz ya rusa wannan tsari, tunda a 2017 ya tilasta wa jam'iyyar ÖVP ta ba shi ikon zaɓen ministoci da jerin 'yan takara na ƙasa. Haka ne, amma aro aka ba shi. Da binciken almundahana ya taso a Oktoban 2021, jam'iyyar Greens, abokiyar haɗin gwiwarsa a gwamnati, ta ce ba za ta zauna da shi ba, gwamnonin jam'iyyarsa suka fara ja da baya, cikin 'yan kwanaki ya sauka. Za a kuma ce Mikl-Leitner kanta ta sha kashi a zaɓen jiharta na Janairun 2023, inda jam'iyyarta ÖVP ta faɗo ƙasa da kashi 40 cikin ɗari. Ta sha, amma sai ta ƙulla ƙawance da FPÖ, jam'iyyar da suka yi wa juna kaca-kaca a yaƙin neman zaɓe, ta ci gaba da mulki.

Abin da ya sa nake jayayya da ra'ayin cewa mulki a Vienna yake kwana ba don in yabi gwamnoni ba ne. Illarsa ita ce yana kawar da ido daga inda ya kamata a sa shi. Gwamnan jiha a Ostiriya yana kashe kuɗin da ba shi ya tara ba: shi ke yanka ƙyallen buɗe asibiti, ministan kuɗi a Vienna ke ɗaukar baƙin jinin haraji. Jihar Kärnten a zamanin gwamna Jörg Haider ta tsaya wa bankin Hypo Alpe Adria lamunin da ya haura Yuro biliyan 20, alhali kasafin kuɗinta na shekara bai wuce wajen biliyan 2 ba. Haider ya mutu a hatsarin mota a Oktoban 2008. A Disamban 2009 tarayya ta karɓe bankin don kada jihar ta tsiyace, masu biyan haraji daga Vorarlberg har Burgenland suka ɗauki asarar biliyoyi, alhali mafi yawansu ba su taɓa jefa ƙuri'a a zaɓen majalisar Kärnten ba.